Kafin Jirgin Yaƙi Ya Tashi: Labarin Yaran Makarantar Halton

Duk ranar da aka yi wani babban biki na ƙasa, jiragen yaƙi suka keto sararin samaniya a jere suna ruri kamar aradu, jama'a kan ɗaga kai su yi ta tafi suna yaba gwanintar matuƙa. Da wuya a sami wanda zai tambaya ko wane ne ya kwana yana duba injin jirgin, ko wa ya ɗaure notinan fukafukansa, ko kuwa wa ya ɗura masa mai, ya auna iskar tayoyinsa tun kafin alfijir ya keto. Alhali kuwa ran wannan matuƙi da ake yi wa tafi yana hannun waɗannan mutane da ba a gani. Mota idan ta lalace a hanya, direba sai ya gangara gefen titi ya jira bakanike. Sama kuwa ba ta da gefen titi. Abin da aka manta ba a ɗaure ba a ƙasa, ba ya ɗauruwa a can.

Saboda haka kowace ƙasa mai rundunar mayaƙan sama tilas ta fuskanci tambaya guda: daga ina za a samo masu wannan aiki, kuma yaya za a horar da su har a amince a danƙa musu ran mutum? Ƙasar Ingila ta ba da tata amsar fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ta ɗebo yara 'yan shekara goma sha biyar zuwa sha bakwai, ta tara su a bariki, ta yi shekara uku tana koya musu aikin jirgin sama. An fara wannan shiri a 1920, aka rufe shi a 1993, kuma a tsakanin nan yara kimanin 40,000 suka bi ta cikinsa. Makarantar da ta fi shahara da shi ita ce ta Halton, kuma labarinta yana da abin lura ga duk ƙasar da ke sayen jiragen yaƙi.

Mafarin Al'amari

An kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Ingila ran 1 ga watan Afrilu 1918, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da aka haɗe sashen jiragen sama na sojan ƙasa da na sojan ruwa suka zama abu guda. Lokacin da aka ajiye makamai a watan Nuwamba na wannan shekara, rundunar tana da mutane fiye da 290,000 da jirage kimanin 22,000. Amma da yaƙi ya ƙare baitulmali ya bushe, aka shiga sallamar sojoji, har kafin shekara biyu ta cika kusan kashi tara cikin goma sun koma gida. Cikin waɗanda suka tafi har da gwanayen kanikawa, domin masana'antu suna jiransu da albashin da soja ba zai iya biya ba. Bugu da ƙari, manyan sojan ƙasa da na ruwa suna ta matsa wa gwamnati lamba a rushe sabuwar rundunar, kowa ya karɓi jiragensa.

Mutumin da aka ɗora wa nauyin rundunar a wannan mawuyacin hali shi ne Hugh Trenchard. Wannan Bature ba baƙo ba ne a tarihin Nijeriya. Ya iso ƙasar nan a ƙarshen 1903, ya yi aikin soja a Kudu har ya zama kwamandan rundunar Kudancin Nijeriya, kuma yana cikin waɗanda suka jagoranci yaƙe-yaƙen da Turawa suka yi na murƙushe garuruwan ƙasar Ibo. Ciwon hanta ne ya mayar da shi gida a 1910. Bai koyi tuƙin jirgin sama ba sai a 1912, yana da shekara 39. Babban zauren taro na Jami'ar Ibadan sunansa yake amsawa.

A ƙarshen 1919 Trenchard ya rubuta takardar tsarin rundunar, wadda Winston Churchill, ministan da ke kula da sha'anin a lokacin, ya gabatar wa Majalisar Dokoki. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, maimakon ya nemi a kashe ɗan kuɗin da ke akwai wajen sayen jirage, sai ya nemi a kashe kaso mai tsoka wajen gina makarantu. Hujjarsa kuwa ita ce, jirgin da aka saya bana zai tsufa cikin 'yan shekaru, amma mutumin da aka horar zai yi shekara ashirin ko talatin ana cin moriyarsa, kuma shi zai horar da na bayansa. Daga nan aka sami makarantu uku: kwalejin horar da ƙananan hafsoshi a Cranwell, da kwalejin manyan hafsoshi a Andover, da kuma makarantar yaran koyon aikin kanikanci a Halton.

Me Ya Sa Yara?

Mai karatu zai so ya ji dalilin da ya sa aka nufi yara, ba a nemi manya waɗanda suka riga suka iya sana'a ba. Dalili na farko shi ne manyan ba su samuwa gwargwadon bukata. Na biyu kuwa, bakaniken da ya saba da injin mota ko na jirgin ƙasa ya riga ya ɗauki waɗansu ɗabi'u, kamar ɗaurin wucin gadi da cewa "zai kai mu gida," waɗanda a jirgin sama kisan kai ne. Kankare tsohuwar ɗabi'a ya fi dasa sabuwa wuya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dalili na uku ya shafi iyaye. A Ingila ta wancan zamani, yaron da ke son koyon sana'ar ƙarfe a kamfani yakan yi shekara biyar ko fiye yana bauta, wani lokaci ma sai uban ya biya kuɗi kafin a karɓe shi. Akwai dubban yara masu ƙwaƙwalwa waɗanda iyayensu ba su da halin barinsu su ci gaba da makaranta. Ga waɗannan, shirin Trenchard ya zo kamar ruwan sama a kan shuka: ga ilimi kyauta, ga ci da sha, ga tufafi da wurin kwana, ga likita, ga ɗan kuɗin kashewa, sa'an nan ga aiki yana jira. Wannan ya sa masu nema suka riƙa fin guraben yawa, rundunar kuma ta sami damar zaɓen na zaɓe.

Ba a shiga sai an ci jarrabawa ta gasa a kan lissafi da kimiyya da Turanci, sa'an nan likita ya duba lafiyar yaro daga kai har ƙafa. Uba ko waliyyi shi ke sa hannu ya ba da izini. Alkawarin kuwa mai nauyi ne: bayan shekarun koyo, yaro zai yi wa rundunar aiki na shekara 12, ana fara lissafi daga ranar da ya cika shekara 18. Watau yaron da ya shiga yana ɗan sha biyar ya san ba zai sami kansa ba sai ya kai talatin.

Rukunin farko, yara 235, sun fara a farkon 1920. Da yake ba a gama gine-ginen Halton ba, sai aka fara ajiye su a Cranwell. Rukuni na biyar ne ya fara sauka a Halton a 1922. Wurin yana gindin duwatsun Chiltern, kusa da garin Wendover a lardin Buckingham, arewa maso yamma da London. Da can gandun wani attajiri ne, Alfred de Rothschild, wanda ya ara wa soja filin, bayan rasuwarsa a 1918 kuma gwamnati ta saye shi. Katafaren gidansa ya zama wurin cin abincin hafsoshi. Manyan rumfunan aikin ƙarfe kuwa, fursunonin yaƙi Jamusawa ne suka gina su a 1917.

Magagari Kafin Jirgi

Yaron da ya iso Halton yana mafarkin jiragen sama yakan sha mamaki, domin abin da ake fara miƙa masa shi ne guntun ƙarfe da magagari. Za a tsayar da shi gaban teburin aiki, a ce ya goge wannan ƙarfe har fuskarsa ta miƙe sumul, sa'an nan ya mai da shi mai kusurwa huɗu daidai wa daida, sa'an nan ya huda wani ƙarfen yadda na farkon zai shige ciki ba tare da ya yi sako-sako ko ya cije ba. Ana auna aikin da ma'aunin da ke nuna kashi ɗaya cikin dubu na inci. Makonni ake yi ana wannan, hannu ya yi kanta, kuma wanda ya zarce da gugar ko da kaɗan ne sai ya ɗauki sabon ƙarfe ya sake daga farko.

Malaman sun san cewa ba kullum ne bakaniken jirgi zai bukaci ƙera ƙarfe da hannu ba. Abin da suke nema su dasa shi ne haƙuri, da idon da ke ganin kuskure, da zuciyar da ba ta yarda da "ya yi kusa." Sai wanda ya haye wannan mataki ake kai shi ga sana'ar da aka zaɓa masa.

A shekarun farko jiragen na katako ne da zane, ana ɗaure fukafukansu da wayoyin ƙarfe. Saboda haka akwai masu koyon kafinta da ɗaurin wayoyi, waɗanda aikinsu shi ne su daidaita jikin jirgi yadda ba zai karkace a sama ba. Akwai masu koyon inji, waɗanda za su kwance shi ɗaiɗai, fistan da bawul da fulogi da kafireto, su wanke, su auna, su mayar, su tayar da shi a ji kukansa. Akwai maƙeran tagulla da na fallen ƙarfe masu yin bututun mai da tankuna. Daga baya aka ƙara masu aikin bindigogi da bama-bamai, da masu aikin lantarki, da masu gyaran agogunan da ke gaban matuƙi. Masu koyon aikin wayar iska kuwa a waɗansu makarantu dabam ake horar da su, kamar Cranwell, daga baya kuma Locking. Da aka koma ƙera jirage da ƙarfe, sai sana'ar kafinta ta ja baya, aka maye gurbinta da ta masu aikin jikin jirgi na ƙarfe.

An raba mako kashi uku. Kimanin awa 20 a rumfar aiki, kimanin awa 8 a aji ana koyon lissafi da kimiyyar inji da zanen injiniya da Turanci da tarihi, sauran kuma fareti da motsa jiki da wasanni. Wannan karatun aji shi ya bambanta su da yaran gareji, domin Trenchard ya nace cewa bai isa yaro ya san yadda ake ɗaure abu ba, sai ya san dalilin da ya sa aka ɗaure shi haka.

Zaman bariki kuwa ba wasa. Begila ke tashe su, a share ɗaki, a goge takalmi da maɓallai, sa'an nan a jeru a gangara zuwa rumfunan aiki ana tafe ana taku, masu ganga da masu busa irin algaitar nan ta mutanen Sikotlan suna gaba. An hana ƙanana shan taba, an ƙayyade lokacin fita da na kashe fitila. Kuɗin da ake biyansu kaɗan ne, kuma ana riƙe wani kaso sai ranar tafiya hutu a ba su. Wanda ya yi laifi zai yi kwanaki yana kai kansa gaban saje sau da yawa a yini, cikin cikakken kaki, a duba shi. Kowane yaro yana ɗaure da wata alama ta farin ƙarfe a hannun riga, siffar farfela mai reshe huɗu cikin da'ira. Tsofaffin sojoji, waɗanda suka ga yara ƙanana suna neman shige su a muƙami, suka laƙaba musu wani suna na reni mai ma'anar fitinannun yaran Trenchard. Yaran suka karɓi sunan hannu biyu, suka mai da shi abin alfahari har tsufansu.

Nauyin Sa Hannu

Ƙarshen duk wannan horo yana komawa ne ga abu guda, watau sa hannu. Kowane jirgi na rundunar yana da littafinsa, wanda ake kira takarda mai lamba 700. Duk abin da aka yi wa jirgin, ko man da aka zuba, ko ƙusar da aka sauya, ko ɓarakar da aka gani, sai an rubuta a ciki, wanda ya yi aikin ya sa hannu, na gaba da shi ya duba shi ma ya sa nasa. Matuƙi ba ya shiga jirgi sai ya karanta wannan littafi ya sa hannu cewa ya karɓa. Ba shi da lokacin da zai buɗe inji ya leƙa. Amanar sunan da ya gani a takarda ita yake hawa.

A nan ne ake gane wanda ya horu. Akwai ranar da aiki zai yi yawa, dare ya yi, sanyi ya tsananta, babban hafsa yana tsaye yana jiran jirgi, ga kuma wani ɗan tsiyayar mai da ba a gano asalinsa ba. Saurayi ɗan shekara sha tara, wanda ba shi da ko igiya ɗaya a hannu, dole ya iya cewa jirgin nan ba zai tashi ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka kuma idan ya ƙirga kayan aikinsa ya ga sufana ɗaya ba ta nan, dole ya faɗa, ko da za a kwance rabin jirgin a neme ta, domin ƙarfen da aka manta a cikin jirgi yana iya cije wayar da ke juya shi. Gaskiya irin wannan ba ta samuwa da lacca ta kwana ɗaya. Shi ya sa aka ba ta shekara uku.

A ƙarshen koyo ana yin jarrabawa ta hannu da ta baki da ta rubutu, kuma makin da yaro ya samu shi ke nuna muƙamin da zai fita da shi da albashin da zai fara ɗauka.

Ƙofar Da Aka Bari A Buɗe

A Ingila ta wancan lokaci, zama hafsa gadon 'ya'yan masu hali ne, domin kwalejin Cranwell kuɗi ake biya. Amma Trenchard ya sa aka ware gurabe kaɗan a kowane rukuni, yaran da suka fi kowa ƙwazo a wuce da su kwalejin kyauta su zama hafsoshi matuƙa. Waɗansu da yawa kuma, bayan sun yi 'yan shekaru suna aiki, an ba su damar koyon tuƙi suna masu muƙamin saje. A ƙarshe dubbai daga cikin tsofaffin yaran sun zama hafsoshi, waɗansu har suka kai manyan muƙaman rundunar.

Wanda ya fi shahara cikin waɗanda suka bi ta wannan ƙofa shi ne Frank Whittle, ɗan wani bakanike, haifaffen garin Coventry a 1907. Ya ci jarrabawa ya iso Halton a farkon 1923, amma likita ya mayar da shi gida saboda gajarta da ƙanƙantar ƙirji. Ya yi watanni yana motsa jiki da kula da abinci har ya ƙara tsawo, ya sake nema, daga bisani aka karɓe shi, ya yi koyonsa tare da rukunin da ke Cranwell. Gwanintarsa wajen lissafi da ƙera ƙananan jirage na gwaji ta sa aka ba shi gurbi a kwalejin hafsoshi a 1926. A can ya fara tunanin injin da zai tura jirgi da ƙarfin iskar da ke fita ta baya, ba tare da farfela ba. Ya yi rajistar wannan dabara a 1930, ya tayar da injinsa na farko a 1937, jirgin Ingila na farko mai irin wannan inji kuma ya tashi daga Cranwell ran 15 ga Mayu 1941. Jamusawa sun riga su tashi da nasu a 1939, bisa aikin Hans von Ohain wanda ya yi nasa binciken dabam, saboda haka ana lasafta su biyun a matsayin iyayen injin jet. Yaron da aka kora saboda gajarta, yau kusan duk babban jirgin da ke ɗaukar alhazai jikan injinsa ne ke tura shi.

Ranar Cin Moriya

An yi shekara goma sha tara ana zuba kuɗi a Halton kafin a ga amfanin abin a fili. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, rundunar ta kumbura har ta haura mutum miliyan ɗaya. Mafi yawansu sababbin shiga ne, waɗanda aka yi wa horon 'yan watanni. Waɗanda suka tsaya a kansu, suka duba aikinsu, suka koya musu, da yawa tsofaffin yaran Halton ne da suka riga suka zama saje da samanja. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da a 1939 aka fara neman irin waɗannan mutane, da ba a same su ba.

A daminar 1940, sa'ad da jiragen Jamus suka yi ta kai wa Ingila hari, jiragen Hurricane da Spitfire kan tashi sau da yawa a yini. Kowace sauka sai kanikawa su rufa wa jirgi, wannan na ɗura mai, wancan na cika bindigogi takwas da harsashi, wani na toshe hujin da harbi ya yi, sau da yawa bama-bamai na faɗuwa a filin. Da dare kuma a sauya inji da hasken tocila. Fiye da mutum ɗari cikin matuƙan da suka yi wannan karo tsofaffin yaran koyo ne. Haka kuma Saje Thomas Gray, wanda ya fito daga Halton, ya sami lambar jaruntaka mafi girma ta Ingila bayan mutuwarsa, saboda harin da jirginsu ya kai kan wata gada a ƙasar Beljiyam ran 12 ga Mayu 1940.

Ƙasar Hausa ma ta ga aikin kanikawan wannan runduna da idonta. Tun ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragenta uku suka sauka a Kano daga Masar, matuƙa tare da kanikawansu. A lokacin yaƙi kuwa, da Italiya ta shiga faɗa a 1940 Bahar Rum ta zama mai hatsari, sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu. A can kanikawa, tare da ma'aikata 'yan ƙasa, suke harhaɗa su, sa'an nan a tuƙo su ta Ikko da Kano da Maiduguri, a ratsa Cadi da Sudan har Alkahira, tafiyar fiye da mil 3,500. Daga Satumba 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya. A kowane zango akwai masu jiran su duba inji, su kakkaɓe ƙurar hunturu da rairayi, su tabbatar jirgin zai kai zango na gaba, domin wanda injinsa ya mutu tsakanin Maiduguri da Darfur sai wani ikon Allah.

Bayan yaƙi sunan makarantar ya kai nesa. Yaran ƙasar Folan sun yi koyo a cikinta tun ana yaƙin, daga baya kuma ƙasashe irin su Pakistan da Silon da Bama suka aiko da nasu. Ostareliya ta kafa irin nata shirin a 1948. A watan Yuli 1952 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta je Halton da kanta ta ba makarantar tutar girmamawa, aka kuma miƙa tutar a hannun ɗaya daga cikin yaran.

Dalilin Rufewa

Zamani riga ne. Jiragen da suka zo daga baya cike suke da na'urorin lantarki da kwamfuta, gyaransu kuma sau da yawa shi ne a gano akwatin da ya lalace, a zare shi, a sa sabo, a aika da tsohon masana'anta. Sai aka ga ya fi sauƙi a yi wa mutum gajeren horo a kan fanni guda, a riƙa dawo da shi makaranta lokaci lokaci. A ɗaya gefen, an ɗaga shekarun barin makaranta a Ingila zuwa 16 a 1972, kwalejojin fasaha sun yawaita, yaron talaka ya sami waɗansu hanyoyin. Da zaman doya da manja tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat ya ƙare, aka rage sojoji da kuɗinsu. Rukuni na 155 shi ne na ƙarshe, ya fita a 1993, aka mayar da koyar da aikin kanikanci zuwa Cosford.

Akwai kuma wata magana da duniya ta daɗa kulawa da ita, watau ko ya dace yaro ɗan sha biyar ya ɗaure kansa da alkawarin da zai kai shi shekara talatin. Waɗansu yaran sun sha kewar gida da cin zalin manyansu, fita kuwa ba ta da sauƙi. A shekara ta 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wata yarjejeniya wadda ta hana tilasta wa wanda bai kai 18 ba shiga soja, ta kuma nemi ƙasashe su tsare irin waɗannan daga fagen fama. Ingila tana karɓar 'yan shekara 16 da izinin iyaye, kuma ana ta muhawara a kan haka a can. Duk mai son ya kwaikwayi Halton yau, wajibi ne ya auna wannan.

Abin Lura A Gida

An kafa Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, kwamandanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. Tun daga lokacin ta yi amfani da jirage daga ƙasashe dabam dabam: MiG na Rasha, Hercules na Amurka, Alpha Jet na Faransa da Jamus, Jaguar na Ingila, har zuwa Super Tucano goma sha biyu da suka iso a 2021. Kowane iri da nasa littafin, da nasa kayan aiki, da nasa kayan gyara. Jiragen Jaguar 18 da aka fara karɓa a 1984 ba su yi shekara goma suna tashi ba aka ajiye su saboda tsadar kula da su. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa kuɗin sayen jirgi somin taɓi ne.

Rundunar ta san da haka, shi ya sa ta kafa makarantar koyon aikin kanikanci a Kaduna a 1977, wadda ta bunƙasa har ta zama Cibiyar Fasaha ta Mayaƙan Sama a 2008. A Kaduna ne kuma aka harhaɗa ƙananan jiragen koyon tuƙi da ake kira Air Beetle, aka kuma ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a 2018.

Ba lalle ba ne a ɗebo 'yan sha biyar a sa su bariki kafin a ci moriyar darasin Halton. Abin da ya sa shirin ya yi albarka abu huɗu ne: an zaɓi yara bisa cancanta ba bisa sanayya ba, an ba horon isasshen lokaci, an haɗa aikin hannu da karatun aji, sa'an nan an bar ƙofar girma a buɗe ga mai riƙe da sufana, yadda ba zai ga kansa ƙasa da mai riƙe da sitiyari ba. A garejojin Kano da Kaduna da Zariya akwai dubban yara masu kunnen da ke gane ciwon inji daga kukansa, waɗanda ba su rasa kome ba sai lissafi da wanda zai buɗe musu hanya. Jirgi ana sayensa cikin shekara guda idan akwai kuɗi, amma samanjan da zai dubi babban hafsa ya ce masa jirgin nan ba zai tashi ba, sai an yi shekara goma sha biyar ana renonsa. Allah ya sa masu tsara kasafin kuɗi su riƙa tunawa da shi.